Mainasara da Muƙamuƙin Tafki

In ana lissafin masu baki a ƙasar Daura, to a fara da Mainasara na Ɗorawar Gabas, a zauna a sha ruwa a huta, sannan a shiga neman na biyu. Facin taya yake yi a bakin hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Dutsi, amma kada ka kuskura ka ce masa mai faci. Shi Masani ne. Dalili kuwa, ya taɓa gadin ƙofa a wani gidan namun daji can birni, kwana goma sha tara cif, kafin a same shi yana zuba minshari a kan benci a sallame shi. Da kwanakin nan sha tara ya yi shekara goma sha biyu yana cika mana kunne. Ya yi wa zaki aski, ya raba giwaye faɗa, jimina kuwa, in ji shi, har yau in ta ji sunansa sai ta rusuna.

Matarsa Shatu ba ta da lokacin jimina, ita albasa ta sani. Tana da 'yar gonar gado a bakin tafkin garin, fangali arba'in, tun bayan girbi take fama da ita. Damina biyu ke nan ɗakinsu na yoyo, in ruwa ya sauko sai su tashi su jera kwanuka a kan gado, don haka albasar bana ta kwanon rufi ce. Saura sati uku a cire ta, bazara kuma ta kankama, bayan kowane kwana biyu sai an tayar da injin ban-ruwa an shayar da ita.

To ranar wata Talata da hantsi, Kabiru masunci ya jawo komarsa ya ji nauyi. Ya ɗauka Allah ya kawo babbar tarwaɗa, ashe ƙashi ne. Muƙamuƙi ne na ƙasa, tsawonsa ya fi kamu guda, taɓo ya mai da shi baƙi ƙirin, gansakuka ta lulluɓe shi. Haƙoran gaba a baje, ga fiƙa biyu masu tsini, sai wani fili ba haƙori, sannan manyan turame a jere. Kafin ka ce kwabo maza sun taru a kai. Mainasara ya bar wani bawan Allah da tayar babur a kwance, ya taho yana ratsa mutane.

“Ku matsa, ku matsa, ku ba ilimi hanya!”

“Masani, ai kada ne,” in ji wani tsoho.

“Kada? Baba, ka taɓa ganin kada da turmin haƙori? Ni da na yi wa kada asuwaki da hannuna?”

“To ko dorina ce?”

“Dorina in ta shiga tafkin nan, ai sai ruwan ya fito ya ba ta wuri.”

Kabiru ya sosa ƙeya ya ce, “Ni dai sai nake ga kamar na jaki.”

“Kabiru, kai da kifi. Jakin gidanku ne mai fiƙa irin wannan? Kowa ya tsaya a sana'ar gidansu mana!”

Ya tsuguna, ya shinshina ƙashin, ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya kara a kunne, ya auna shi da taƙi, ya ɗaga kai sama yana motsa baki kamar mai tuno karatu. Gaskiyar magana, bai san ko na mene ne ba, ko kusa. Amma ga idanu sun fi hamsin a kansa, kuma Mainasara gara ya haɗiye sifanar nan da ya ce bai sani ba.

“Innalillahi,” ya ce a hankali. “Damisar ruwa ce.”

Mutane suka dubi juna. Babu wanda ya taɓa jin sunan, kowa kuma yana kunyar ya zama na farkon tambaya.

“Turawa ma sau ɗaya suka gan ta, wanda ya gan ta ɗin bai koma gida ba. Kun ga wannan karce a gefe? Faɗa ta yi da kada, nan ya cije ta.”

Tsohon nan ya ce, “To alhamdu lillahi tunda ta mutu.”

“Mutu? Wa ya ce maka ta mutu? Famfara ta yi! Yaro ɗaya-ɗaya yake zubar da haƙori, ita kuwa gaba ɗaya take tuɓe muƙamuƙin ta yar, sabo ya fito. Wannan ma na 'yar jaririya ne. Uwar tana ciki.”

Mutum hamsin suka ja da baya a tare. Wanda ƙafarsa ke cikin ruwa ya fito ya bar takalmi ɗaya.

Nan take dabara ta faɗo wa Mainasara. Sarkin Ruwan garin ya rasu tun bara, ba a naɗa wani ba, kowa dai ya san Kabiru za a ba. To ina wanda ya fi cancanta da rawanin irin wanda ya ceci gari daga damisar ruwa? Har ya fara jin nauyinsa a ka. Ya naɗe ƙashin a tsohon buhu, ya rungume, jama'a na biye da shi, sai ƙofar gidan Maigari.

Maigari dattijo ne mai gudun abin da zai sa a kira shi Daura a yi masa tambaya. Da ya leƙa buhu ya ga fiƙa, sai ya gyara zama.

“Yanzu, Masani, mene ne abin yi?”

“Ranka ya daɗe, a rufe tafki. Kada mutum, kada dabba. Injin ban-ruwa kuwa shi ne babban haɗari, ƙararsa ce ke tayar mata da hankali. Ni zan kamo ta cikin kwana uku. Sai dai aiki irin wannan, Allah ya ja zamaninka, Sarkin Ruwa aka sani da shi.”

“Kawo ta, rawani naka ne.”

“Sannan a ja wa mata kunne. Duk macen da ta kalli ƙashin nan, gashin kanta zai zube.”

Wannan ya ƙara ne kawai don magana ta yi armashi. Kafin azahar an yi shela, an kwashe injina, makiyaya sun karkata shanunsu gabas.

Ya dawo gida yana tafiyar ƙasaita, ya tarar da Shatu tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

“Malam, albasata fa?”

“Haba Shatu, ana zancen rawani kina zancen albasa? Kwana uku ne kacal.”

“Albasa ba ta san kwana uku ba a zafin nan. Buɗe buhun in gani.”

“So kike ki wayi gari da sanƙo?”

“Gara sanƙo da yoyo. Buɗe.”

“Ba zan buɗe ba. Gobe in kin zama matar Sarkin Ruwa kya gode mini.”

Ya shige ɗaki, ya tura buhun ƙarƙashin gado ya zauna a kan gadon. Shatu ta dube shi, ta dubi rufin ɗaki, ta ɗauki bokiti biyu ta nufi famfon burtsatse guda ɗaya da garin ke da shi, inda layi ya riga ya kai bakin masallaci.

Washegari Mainasara ya ce tarko za a kafa, kuma damisar ruwa ba ta son komai irin bunsuru. Ya je ya lallaɓi Nagoggo, tsohuwar nan mai sayar da farfesun kai, ta ara masa nata bisa sharaɗin ya dawo da shi da ƙafa huɗu. Ya ɗaure shi a wani kututture a bakin ruwa, ya hau bishiyar ɗorawa da mashi a hannu, jama'a na hange daga kan tudu. Awa ɗaya, awa biyu, ruwa ko motsi. Iska mai daɗi ta kaɗo, tsohuwar cutar gadi ta motsa, Masani ya fara gyangyaɗi. Bunsuru ya cinye igiya, ya cinye takalman da aka bari a gindin bishiya, ya ɗaga kai ya saki wani kuka mai ban tsoro. Mainasara ya farka a firgice yana ihun “Ta fito! Ta fito!”, ya saki reshe, ya faɗo tim. Yana ƙoƙarin miƙewa bunsuru ya ja da baya ya auna mazaunansa ya ba shi ɗaya mai kyau.

Da ya iso kan tudu yana ɗingishi, Kabiru ya ce, “Masani, ina damisar?”

“Ba ku ga ta leƙo ba? Ido muka haɗa, ta gane ni, ta koma.”

“Mu dai bunsuru muka ga ya gane ka.”

Kwana na uku ya wuce, na huɗu ya bi shi. Mainasara ya ce a bari ya tuntuɓi 'yan'uwansa masana na duniya. Ya ɗauki hoton ƙashin da waya ya watsa a dandalin sada zumunta, ya rubuta cewa wanda ya sani ya faɗa, shi dai ya sani, gwada su yake yi. Amsoshi suka yi ta zubowa. Wani ya ce na aljanin ruwa ne, a yi hayaƙi. Wani ya ce irin dabbobin nan ne na kafin ruwan Ɗufana. Wata mata ta tambaya ko yana maganin ciwon baya. Wani daga Maraɗi ya turo dariya layi uku bai ce komai ba, Mainasara ya toshe shi, ya ce hassada ce. Ya zauna a rumfar mai shayi yana karanta wa mutane na ruwan Ɗufanan, sau bakwai.

A hanyarsa ta komawa gida ya hangi Shatu ta fito daga gona da bokiti wayam. Da ƙyar take samun bokiti shida a yini, ga fangali arba'in. Ganyen albasa ya fara sunkuyar da kai, bakinsa ya yi rawaya. Wallahi abin ya taɓa shi. Da zai ce, “Jama'a, ban tabbata ba,” da an tayar da inji kafin la'asar. Amma ya tuna yadda Kabiru zai yi dariya, sai ya sauya hanya ya bi ta bayan makaranta don kada su haɗu.

Rana ta bakwai gari ya fara gunaguni. Masu tumatir sun je wa Maigari, masu shanu sun je, Maigari ya aiko a gaya wa Masani kwana uku sun haihu har sun yi jika. Sai Mainasara ya ce to yau zai bi ta har ɗakinta.

Kai, shigar da ya yi ranar, da ka gani sai ka riƙe ciki. Ya zura tib ɗin tayar mota a ƙugu, ya ɗaura murfin tukunyar Shatu a ƙirji, ya kifa ƙwarya a ka, ya rataya layu har a gwiwar hannu. Kabiru ya ba shi aron kwale-kwale, ya ce shi kam yana da iyali, daga nan zai taya shi da addu'a. Mainasara bai taɓa riƙe filafili ba a rayuwarsa. Ya tuƙa dama, kwale-kwale ya juya hagu. Ya tuƙa hagu, ya juya dama. Ya yi ta zagaye wuri ɗaya har wata mata a kan tudu ta ce ita jiri take gani.

Can sai ga wani baƙin abu ya taso kusa da shi. Tsohon buhun gawayi ne, amma ido mai tsoro ba ya tambaya. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga mashi, ya yi kabbara, ya caka da iya ƙarfinsa. Ya sami wani abu kuwa: tib ɗin da ke ƙugunsa. Iska ta fita fiiii, ya zabura, kwale-kwale ya kife.

“Wayyo Allah! Ta kama ni! Ta riƙe ƙafata! Jama'a ku yafe mini! Shatu ki yafe mini!”

Kabiru ya ɗaga murya daga gaɓa, “Masani, miƙe tsaye!”

“Tana ja na ƙasa!”

“Na ce ka miƙe tsaye!”

Ya miƙe. Ruwan iyakar cibiyarsa. Taɓo ne ya riƙe shi, da ya fizge kuwa sai ya bar masa wando jingina. Ya fito yana kare mutuncinsa da murfin tukunya, ga matsattsaku guda ya maƙale masa a ƙwauri. Ko a haka bakin bai mutu ba.

“Kun gani? Ga jikarta na kamo da rai!”

Nagoggo ta ce, “A sa wa jikar gishiri, a ba kakan zane.”

Rana ta tara Maigari ya tara gari a ƙofar gidansa, har da mutanen ƙauyukan kusa da suka ji labari, don a yanke shawara ko a rubuta takarda Daura a turo masu bindiga. Mainasara ya sha babbar rigar aro, ya ajiye buhu a gaba, ya fara bayanin yadda damisar ruwa ke haihuwa ta kunne. Mata suna can gefe an ce su juya baya.

Ana cikin haka sai ga baƙo ya iso da raƙuma biyar a jere. Maharazu sunansa, dillalin raƙuma ne, ya taso daga kasuwar Mai'adua zai sauka kudu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

“Ranka ya daɗe, na zo shayar da dabbobi an ce tafki a rufe yake. Lafiya?”

“Ina fa lafiya, baƙo. Damisar ruwa muke da ita. Masani, nuna masa.”

Mainasara ya zare ƙashin a hankali, ya ɗaga sama. “Ka yi nesa kaɗan, Malam, ba kowane ido ke ɗauka ba.”

Maharazu ya matso maimakon ya ja baya. Ya karɓa, ya juya shi, ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi sau ɗari kowace ranar kasuwa.

“Amale ne,” ya ce. “Namijin raƙumi. Ya haura shekara takwas, fiƙarsa ta gama fitowa. Ya sha ɗaukar kaya, amma an yanka shi da sauran ƙarfinsa.”

“Raƙumi?” Mainasara ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. “Jama'a ku ji mini jahilci! Dabbar da ke cin ƙaya me za ta yi da fiƙa?”

“Cizon masu gardama, Malam.”

Maharazu ya ja akalar babban raƙuminsa, ya gurfanar da shi, ya kama leɓen ƙasa ya ja, ya kara ƙashin a gefe. Ga haƙoran gaba a baje, ga fiƙa biyu, ga fili, komai ɗaya. Shekara da shekaru raƙuma na wuce mu a hanyar nan, muna cin namansu, ba wanda ya taɓa leƙa bakinsu.

“Kama ce kawai,” in ji Mainasara. “Bari masani ya duba da kansa.”

Ya sunkuya ya kai fuska dab da bakin raƙumi, yana ƙirga da yatsa. Raƙumi ya yi gurnani sau ɗaya, gargaɗi ke nan. Mainasara ya ce masa ya yi shiru. Sai ya tattaro tuƙar da yake ajiya tun daga Mai'adua ya feso masa, kore shar, tun daga hula har aljihun rigar aro. Sannan ya miƙa wuya ya cire hular ya fara tauna.

Dariya ta ɓarke, har Maigari ya rufe baki da gefen rawani. Cikin hayaniyar sai aka ji muryar Nagoggo.

“Ku ba ni hanya in gani. Gashin nawa dama ya daɗe da ƙarewa.”

Ta karɓi ƙashin ta kai kusa da ido, sai ta tafa hannu. “La ilaha illallahu! Ai nawa ne! Raƙumin watandar ƙaramar Sallar bara, wanda aka haɗu aka yanka aka raba, kai ya faɗo hannuna. Ga saran gatarina nan a gindi. Da na gama farfesu na haɗa da tukwane na kai tafki wanki, na wurga shi ciki.”

Kabiru ya ce, “To Iya, wannan karcen fa, da aka ce kada ne ya cije ta?”

Nagoggo ta sake dubawa. “Wannan kadan da ƙafa biyu ya zo, kuma yana da giɓi.”

Mainasara ya yi maza ya rufe baki, amma wa bai san giɓinsa ba a garin nan?

Nagoggo ta nuna shi da ƙashin ta ce, “Kai ɗan nan, ba kai ne ka zauna a ƙofar gidana ka ce in bar maka ƙashin ba? Ka gwaguye shi tas, har karena ya gaji da jira ya yi fushi ya tafi!”

Wasu suka faɗi ƙasa. Wani ya rungume raƙumi. Maigari ya share hawaye ya ce a buɗe tafki yanzu-yanzu, Kabiru kuma ya zo ranar Juma'a a naɗa shi. Mutane suka watse a guje, masu ɗaukar inji na yi, masu jan tiyo na yi, aka bar Mainasara tsaye shi kaɗai, ƙudaje na yi masa fadanci.

Bai je gida ba. Ƙafarsa ce ta kai shi bakin tafki. Injina na ta ruri, ruwa na gudu a kwatami, ya shiga gonar Shatu fangali bayan fangali, sai dai ya zo a makare. Fangali huɗu da ta yi ta wahala da bokiti su ne da sauran kore. Sauran duk sun kwanta, ganye ya bushe ƙayau. Shatu tana tsaye a tsakiya, ba ta kuka, shi kuwa da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sunkuya ta tuge ɗaya, 'yar mitsitsiya, a yamutse, ta miƙo masa.

“Malam, tunda kai ka san dabbobi, duba mini. Wace dabba ce ta cinye mini gona?”

Ya karɓa. Ya juya ta a tafin hannu. Baki ya buɗe da kansa kamar yadda ya saba, ya nemi zaki, ya nemi giwa, duk suka ƙi zuwa. Kunya ta kama shi irin wadda tuƙar raƙumi ma ba ta sa shi ba.

“Ta gida ce,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Tare kuke kwana.”

Shatu ta karɓe albasar daga hannunsa.

“To, yau kam ka faɗi daidai,” ta ce. “Ɗauki kwando, mu tsinci abin da ta rage.”